Sawun Dodo Na Bakwai

Wannan abu ya faru a Gidan Ɓaure ranar wata Laraba, tsakanin hantsi da la'asar, kuma mutumin da ya faru a kansa har gobe in aka tambaye shi sai ya ce shi ma bai gama gane kansa ba.

Sunansa Nomau, maharbi ne irin na da, wanda ya kayar da ɓauna tun gemunsa bai fito ba. Sai dai dajin da ya yi suna a cikinsa ya ƙare, gonaki sun cinye shi, ko zomo sai an yi sa'a. Shekara goma rabon da wani maroƙi ya ɗaga murya a kansa. Ya koma zaman gindin ɗorawa, yana ba mutane labarin ɓaunar nan, su kuwa suna gyaɗa kai don girman furfura.

Matarsa Cima shekara talatin da huɗu suna tare. Da Sallah 'yarsu da ke aure a Kaduna ta zo ta bar mata waya, a cikin wayar akwai wani wasa na harbin dodannin da suka sauko daga sama cikin jirgin ƙarfe. Cima, wadda ko yankan kaza ba ta iya kallo, ta kama wasan nan ka'in da na'in. Nomau ya sha yi mata dariya, yana cewa ashe bayan tsufa an samu maharbi na biyu a gidan.

Ran Larabar ya dawo gida ya tarar da ƙauri ya cika tsakar gida, wake ya ƙone a tukunya ƙurmus. Cima na zaune kan tabarma, ido buɗe, waya a hannu, tana numfashi amma ba ta motsi. Ya kira ta, ya girgiza ta, ya tofa mata addu'a, ya shafa mata ruwa, shiru. Ya yi ƙoƙarin zare wayar, yatsunta sun maƙale kamar an ɗaure. Mutum ɗaya da ya san kan waya a garin, Ɗan'azumi mai caji, ya tafi birni gyaran injinsa tun da safe. Tsoro ya kama Nomau, irin wanda ko gaban ɓauna bai ji ba.

Yana leƙen gilashin sai ya ji murya daga ciki, da Hausa tatas, tana cewa ɗan wasa na biyu ya sa yatsansa. Ya waiga, ba kowa a gidan sai shi da kaji. Ya yi bisimilla ya ɗora babban yatsa.

Bai ji faɗuwa ba, bai ji tashi ba. Ya dai ga kansa zaune kan wani baƙin dutse a tsakiyar jan fili, ba bishiya, ba ciyawa, ba ko tsuntsu. A sama akwai wata koriyar rana, gefenta ɗaya a gutsure. Bisa kansa wasu jajayen abubuwa uku masu siffar zuciya suna lilo, in ya matsa su matsa. A cinyarsa ga bindiga, ba wurin ɗura albarushi, ba kunamar dannawa irin wadda ya sani.

Wata mace ta ƙarfe ta taso daga cikin ƙasa, ba ta da ƙafafu, fuskarta sumul kamar bayan sabon faranti. Ta ce, "Maraba da mayaƙi. Ni ce Jakadiyar Ƙofofi Uku. Kowace ƙofa dodo bakwai ke tsaronta, kuma ba ta buɗewa sai filin ya zama fayau. Ranka uku ne, ga su bisa kanka. Waccan rana wutar wayar matarka ce. In ta mutu, duk wanda ke ciki ya zama namu."

Nomau ya gaishe ta yadda ake gaida manya, ya tambayi sunan garin, ya tambayi wane ne mai unguwa don ya kai gaisuwa. Ba ta amsa ko ɗaya ba. Da ya tambayi inda Cima take, sai ta ce tana gaba, ta nutse cikin ƙasa.

Ya yi abin da ya iya. Ya ɗebi turɓaya ya saki don ya ga inda iska ke kaɗawa, turɓayar ta sauka a miƙe, ba iska a ƙasar. Ya ce bari ya zaga ta gefe ya yi kwanto, ya yi taku ashirin sai goshinsa ya bugi bango, alhali ba abin da ke gabansa sai fili. Yana cikin shafa goshi dodannin suka ɓullo. Dogaye ne, fatarsu santsi kamar ta tarwaɗa, kai kamar ƙwaryar da aka kife, ido ɗaya a kwance, ƙafa mai yatsu uku. Kafin ya gano inda ake danna bindigar, na farko ya kai masa mari, duniya ta yi duhu.

Ya buɗe ido a kan baƙin dutsen nan. Zukatan sun koma biyu. Jakadiya ta taso ta maimaita maganarta tiryan-tiryan, ba ƙari ba ragi, kamar ba ta taɓa ganinsa ba. Ya ce mata ai yanzun nan suka rabu, kuma in bai yi kuskure ba ya mutu a tsakani. Ta ce matarsa tana gaba, ta nutse. Nomau ya rasa ko mutuwar ce haka, ko hauka ce ta zo masa da rana tsaka.

Amma hannun maharbi ba ya mantuwa. Wannan karon ya lalubo maɓallin, bindigar ta tofa wani farin haske, dodo na farko ya watse ya zama hayaƙi. Na biyu, na uku, har shida. Na bakwai ya zo daga baya, a hankali, hannuwa a buɗe, da wasu fitilu uku a ƙirjinsa waɗanda sauran ba su da su. Nomau bai tsaya kallon fitilu ba, ya ɗirka masa.

Nan take wata murya ta cika sama, muryar maroƙi mai zaƙi, da ganga a bayanta. Ta kira shi Nomau na Gidan Ɓaure, kunamar ƙarƙashin dutse, mai harbin da ba a neman na biyu, angon ɓauna. Tsigar jikinsa ta tashi. Ya san ba lokacin jin daɗi ba ne, matarsa na can a sandare, amma wallahi ya ji daɗi, har ya gyara tsayuwa. Ƙofa ta tsage a cikin iska ya shiga.

Ƙasa ta biyu birni ce, amma a kife. Gidajenta sun rataya daga sama, ƙofofinsu na kallon ƙasa, ruwa na tsattsafowa daga ƙarƙashin ƙafarsa yana hawa sama. Wasu kifaye masu fikafikai suna wucewa ta tagogi. Ya ɗaga kai har jiri ya ɗebe shi, ya ga gara ya duba ƙasa, nan ne dai ya saba karatu. Ƙasar farar toka ce mai laushi, ga sawu birjik, dodannin sun riga shi wucewa.

Ya tsuguna. Sawu shida duk iri ɗaya ne, kamar an buga su da hatimi, ba zurfi, ba gefen da ya fi nutsewa. Abin da ya taka su ba shi da nauyi ko na fara. Na bakwai kuwa ya nutse cikin tokar sosai, akwai nama da ƙashi a kansa. Kuma ƙafar hagu ba ta sauke diddige, yatsun sun karkata waje, takun ya fi na dama gajarta.

Ya san wannan tafiya. Shekarar da aka kawo Cima gidansa ta taka fasasshiyar kwalba a bakin rijiya, diddigen ya warke amma bai ƙara yarda da ƙasa ba. Ko cikin sawun matan gari duka a hanyar rafi yakan ware nata ba tare da ya yi niyya ba. Amma wannan ƙafa yatsu uku gare ta, kuma ta fi faifai faɗi. Ya ce wa kansa tsufa ne, ido ya fara yi masa ƙarya. Ya ce ai gurgu ba a mutane kaɗai yake ba. Ya faɗa wa kansa abubuwa da yawa a tsugunen nan.

Dodannin suka zubo daga rufin gidaje. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, muryar nan kuwa ba ta jira ya gama ba, ta fara tun daga na farko, kowane harbi da sabon kirari, ganga na ƙara zafi. Ta ambaci kakansa, ta ambaci ɓaunar, ta ce dazuzzuka bakwai suna kuka da sunansa. Na shida ya watse. Na bakwai ya fito daga bayan wani ginshiƙi, fitilu biyu a ƙirjinsa. Ya matso har taku goma, sa'an nan ya durƙusa, gwiwa biyu a ƙasa, kai a sunkuye.

Nomau ya dubi sawun da ya bari a bayansa. Ya dubi durƙuson. Wani ɓangare na zuciyarsa ya ce shirin tsalle ne, haka damisa ke yi. Wani ɓangaren kuwa ya riga ya sani. Muryar ta kai ƙololuwa, tana cewa saura ɗaya, saura ɗaya a naɗa shi sarkin maharban sama da ƙasa. Yatsansa ya danna.

Hayaƙin ya watse, gangar ta ɓarke, amma wannan karon bai ji daɗin komai ba. Ya ƙwala wa Jakadiya kira, ta taso, ya tambaye ta wane ne na bakwai ɗin nan, ya haɗa ta da girman Allah. Ta ce maraba da mayaƙi, ita ce Jakadiyar Ƙofofi Uku. Ya bar ta nan tana karanta karatunta ya faɗa ƙofa a guje. Ranar sama ta tashi daga kore ta koma ruwan ɗorawa, saura kamar rabin ƙosai.

Bayan ƙofar kogi ne na narkakken haske yana tafasa, an jera wasu fayafayan ƙarfe a kansa, kowanne in ka taka sai ya ɓace bayan numfashi biyu. Dattijo mai ciwon gwiwa ya yi tsallen da rabonsa da shi tun yana farautar gada. Daga nan wani rami ya haɗiye shi ya tofar da shi sama, ya ratsa cikin taurari suna ƙuna kamar garwashi, ya faɗo cikin jirgin ƙarfen kansa.

Cikin jirgin ya fi filin Idi faɗi. A can ƙarshe ga ƙofa ta uku a rufe, ta cikin gilashinta yana hango tsakar gidansa, da tabarma, da kaji. Tsakaninsa da ita dodanni bakwai sun yi sahu, na ƙarshe da fitila ɗaya tak. A gefe kuma wata halitta na zaune wadda kanta ke taɓa rufi, hannuwanta sun fi ashirin, kowanne riƙe da igiyar haske da ta tafi cikin duhu.

Ta ce, "Ni ce Uwar Jirgi. Ka zo da sauri, ya kai ɗan ƙasa. Share filin ka wuce, naɗinka na jiranka."

Nomau ya rusuna. Ya ce, "Ranki ya daɗe, ban zo neman naɗi ba. Waccan mai fitila ɗaya, wace ce?"

"Mayaƙiya ce da ba a taɓa irinta ba. Ta cinye ƙofofin nan sau arba'in. A na ƙarshe muka buɗe mata hanya ta ƙi fita. Wanda ya ƙi fita, mukan sa masa fatarmu."

Wannan ya ƙara ɗaure masa kai fiye da birnin da ke kife. Me Cima za ta zauna yi a nan, ga gidanta, ga awakinta, ga wake a wuta? Ya tambaya, Uwar Jirgi ta ce ba a tambayarta dalili, ita doka take riƙewa. Ƙofa ba ta buɗewa sai bakwai sun faɗi. In fitilar ƙarshe ta mutu, mai ita ta zama hayaƙi har abada. In kuma ya tsaya, rana ta mutu, su biyun duka nata ne.

Ya gwada dabara. Ya harbe shida ya bar ta bakwai, ya ruga ƙofa ya tura, ko gezau. Kafin ya juyo shidan sun sake tsirowa daga ƙasa. Ya sake, suka sake. Ranar da ake hangowa ta rufin gilashi ta yi ja, ta koma kamar ƙwayar goro, tana ƙiftawa.

Sai ya ajiye bindigar a ƙasa, ya tako gaban Uwar Jirgi, ya yi tsayuwar da maharba ke yi in an yi gardamar nama a gaban Sarkin Baka, shugaban maharba.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, kin ce doka kike riƙewa. Mu ma muna da tamu, kuma ta girmi jirginki. Dabbar da maharbi ya fara fitar wa jini tasa ce. Ko a gonar wani ta faɗi, ko a ƙofar sarki, ba mai taɓa ta sai shi. Waccan ni na fara harbinta, a jan fili, da hannuna. Ba taki ba ce, tawa ce. Ba ta cikin bakwai ɗinki."

Hannuwan nan duka suka tsaya cak. Jirgin ya yi wani gurnani, fitilunsa suka ɗauke suka dawo. Uwar Jirgi ta ce ba a taɓa kawo mata wannan magana ba, ta bincika duk abin da aka rubuta mata ba ta ga inda aka hana ba. Sa'an nan ta tambaye shi, a dokar tasu, wa ke ɗaukar naman zuwa gida. Ya ce mai shi, a kafaɗarsa.

Ta ce, "To ɗauki naka, ya kai maharbi. Hannun da ke riƙe da kaya ba ya riƙe bindiga. 'Ya'yana shida kuwa ba su san dokarku ba."

Ya je gaban dodon. Kusa da kusa ya fi muni, ga wani wari kamar na ƙonannar roba, idon nan ɗaya yana kallonsa ba ƙiftawa. Ya kira sunan Cima a hankali, abin ya yi wani kuka kamar na gyare. A nan shakka ta dawo masa sabuwa. In fa ba ita ba ce? In fa duk wannan wasa ne aka shirya don tsoho ya saɓo dodo da kansa ya kai tsakar gidansa, cikin garin da ke da mata da jarirai? Ba shi da wata shaida sai diddige ɗaya a cikin toka. Ya tsaya numfashi uku, bai samu tabbas ba, ya sunkuya ya saɓa shi haka nan.

Nauyin ya kusa karya shi. Ya fara tafiya, santsin fatar na zamewa daga kafaɗarsa. Dodo na farko ya kai duka, Nomau ya juya ya tare da bayansa don kada ya sami fitilar, zuciya ɗaya ta fashe bisa kansa. Duhu ya taso zai mayar da shi kan baƙin dutsen nan, ya ƙanƙame kayansa ya ƙi saki, duhun ya ja ya ja ya gaji. Ba ganga yanzu, ba maroƙi, sai numfashinsa. Saura taku biyar wani ya sake samunsa a haƙarƙari, zuciyar ƙarshe ta tsage biyu, rabi ya faɗi rabi na lilo. Ya kai kafaɗa ya bangaji ƙofar daidai lokacin da jar ranar ta ƙifta ta ƙarshe.

Ya farka kwance a tsakar gidansa, maƙwabta sun cika gidan, ana ta salati, wata na yi masa fifita. Inuwa ta nuna la'asar ta yi. Wayar na ƙasa, baƙi ƙirin. Bai iya juyawa ya dubi tabarmar ba, tsoron abin da zai gani yake yi, sai da ya ji muryar Cima a dushe tana neman ruwa. Ta shanye moɗa biyu, ta tambayi wa ya bar mata wake ya ƙone. Aka yi dariya, aka yi barka, aka ce zafin rana ne ya buge su su biyun, kowa ya kama gabansa.

Da gidan ya rage su kaɗai, Cima ta daɗe tana murza ƙirjinta da tafin hannu. Ba ta dube shi ba ta ce, "Malam, na farkon ban riƙe ka ba, ba ka sani ba. Na biyun fa? Na ga ka tsuguna kan sawuna. Na durƙusa maka."

Nomau ya nemi ƙaryar da zai yi, akwai su da yawa kuma duk za su shiga. Ya ce, "Na gani. Na gane ki. Kirarin ne ya yi mini daɗi."

Ya jira kuka ko zagi, ya san ya cancanci duka biyun. Wata kaza ta zo ta tsattsagi bakin tabarmar ta wuce. Sa'an nan Cima ta ce ta sani, don ita ma kirarin ne ya hana ta fitowa. Ta ce tun da uwarta ta haife ta ba wanda ya taɓa ɗaga murya ya faɗi abin da ta iya, sai muryar nan ta cikin waya.

Kunya ta rufe shi, wadda ta fi dukan dodannin ciwo. Mutumin da ya san kirarin ɓauna da na giwa da na kura, har da na bushiya, ya buɗe baki zai yi wa matarsa, ya tarar ba shi da ko kalma ɗaya a ajiye. Ya yi gyaran murya sau biyu. Da ƙyar ya ce Cima ta Gidan Ɓaure, wadda daddawarta ba ta taɓa lalacewa ba, sai ya tsaya, don shi kansa ya ji abin bai yi kama da kirari ba.

Cima ta gyara zama, ta jingina da bango, ta miƙe ƙafar hagun.

Ta ce, "Ci gaba, Malam. Ina ji."